Gubar da ke Cikin Kan Agwagwa

Ni da na yi aikin kemis a Kano, na ɗauka babu ƙwayar da ban sani ba. Sai ranar da na tarar da 'yata Hafsa a falonmu na unguwar Faisal, can ƙasar Larabawa, tana taunar wasu ƙwayoyi daga wata roba mai kan agwagwa. Na fizge robar daga hannunta. Na saɓe ta, ko takalmi babu, sai kantin magani.

"Dakta, ta sha guba!"

Mai kantin ya karɓi robar, ya danna kan agwagwar, ya jefa ƙwaya ɗaya a bakinsa. Na ƙwalla ƙara.

"Ma'alish, kar ki damu madam, alewa ce. Don masu barin sigari aka fara yin ta."

Har yau in ya hango ni sai ya ce, "Madam, an kawo sabuwar guba, mai ɗanɗanon lemo!"