Kajin Surukai Da Na Nannaɗe A Takarda

Ko na tsufa na zubar da haƙora, ba zan taɓa mantawa da ranar da dangin matar Yaya Sani suka zo gidanmu daga Randagi ba. Lokacin ina aji biyar a sakandare, kuma wata uku ke nan da na gaji tsohuwar wayarsa.

Wayar nan ce ta lalata min baki. Duk bidiyon da na buɗe sai tallan shawarma, naman nan da ake nannaɗewa a gurasa, ya faɗo: wata 'yar gayu ta gatsa, ta lumshe ido, farin mayonis na zubo mata a yatsa. Tun ina kallo har na fara raina tuwon Inna. A makaranta kuwa na cika ƙawayena da cewa ni yanzu tuwo nauyi yake min. (Gaskiyar magana, ko ƙamshin shawarma ban taɓa ji ba, don ban san mai sayar da ita a unguwarmu ba.)

Maganar auren nan da kyar ta kai ga sa rana, saboda Kawu Garba, kawun yarinyar da Yaya zai aura, ya dage cewa mutanen cikin gari raina na ƙauye suke yi. Shi ya sa Baba ya yanka kaji biyu da hannunsa a ƙofar gida, baƙin suna sauka daga babura suna gani. Inna ta tuƙa tuwon shinkafa, ta haɗa miyar taushe, ta ce, "Soya kajin nan ki jera a kan miya. Ƙundu da cinya na Kawu ne, kar ki manta." Ta shige ɗaki wajen baƙi mata.

Ni kuwa na ga dama ta samu. Dama na tanadi fulawa da kabeji da 'yar kwalbar mayonis a ƙarƙashin gado. Na soya kajin, na zauna na yagalgala su zare-zare kamar yadda na gani a waya, har ƙundun ban bari ba. Na gasa fulawa a kasko (gefe ya ƙone, tsakiya ɗanye), na zuba naman da ɗanyen kabeji da mayonis, na nannaɗe kowacce a takardar da na yago daga littafin lissafina. Na haɗa da tuwo da miya na kai zaure da kaina, ina tafe ina yanga.

Kawu Garba ya buɗe kwanon miya, ya juya ludayi sau biyu, babu ko ƙashi. Ya ɗauki ƙunshi ɗaya ya warware a hankali kamar mai duba laya. Ya daɗe yana kallon abin da ke ciki, sannan ya dubi Baba.

"Malam, na ga an yanka kaji. Ko sauran da yara suka rage ne wannan?"

Yaya Sani ya sunkuyar da kai, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ni kuma, maimakon in yi shiru, sai bakina ya ce, "Kawu, shawarma ce. Ita ake yayi."

"To, 'yata," in ji shi, "ke kin taɓa ci?"

Na ce a'a.

Ya miƙo min. A gaban maza bakwai na gatsa, na tauna ɗanyen ƙulli da tawadar biro, na yi ƙoƙarin lumshe ido irin na 'yar gayun nan, sai hawaye suka zubo. A nan ne Kawu ya fashe da dariya, ya gane wauta ce ba raini ba. Duk da haka sai da Baba ya kama babban zakaran Inna da ransa, aka ɗaure musu a bayan babur kafin la'asar. Inna ta yi kwana huɗu ba ta amsa gaisuwata.

An yi auren. Yau matar Yaya tana da 'ya'ya biyu, kuma duk ranar da aka yanka kaza a gidan nan sai ta leƙo ta ce a ɓoye littattafan makaranta.

Daga baya na ci shawarma ta gaske a Kaduna, ba laifi, tana da daɗi. Amma na koyi cewa 'yar gayun cikin waya biyanta aka yi ta lumshe ido. Ni da na lumshe nawa kyauta, zakaran Inna ne ya biya.