Yadda Za Ka Mallaki Katafaren Gida a Bayan Ramin Sojoji

Kai da haya ta gallabe ka a unguwar Moduganari, tun da ma'aikatan agaji suka cika gari masu gidaje suka haukace, matso kusa. Bi matakan nan, kafin damina ka zama mai gida, ko tantama babu.

1. Raina cikin gari

Fili hamsin-da-ɗari a Galtimari, kuɗinsa sai ya kai ka Makka ya dawo da kai. Kuma me ka saya? Wurin da in ka yi atishawa maƙwabci ne zai amsa. Haba, kai ba kaza ba ne.

2. Bi Madu dillali

Zai tsallaka da kai ramin da sojoji suka haƙa suka kewaye gari. Can ɗari-da-ɗari kamar kyauta. Kada ka tambayi dalilin da mai filin ya sayar, rashin kunya ne. In ka ga Madu ya hana mai keke-napep kashe inji kana awo, sauri yake yi, mutum ne mai jama'a.

3. Shawo kan uwargida

Faɗa wa Kaltum iska, da wurin shuka kuɓewa, da filin da ɗanku Ajimi zai yi ta gudu. In ta ji wani dum daga daji, ce mata taya ce ta fashe. Tayoyin bana ba su da ƙwari.

4. Koyi zuwa shago

Babur dai an hana. Keke za ka hau, a kowane shingen sojoji ka sauka, ka ɗaga hannu, ka ɗaga riga. Masu kuɗi biya suke a motsa musu jiki haka. Za ka buɗe shago da azahar, lokacin masu sayen ƙarya sun watse.

5. Koyi rashin komawa

Ana rufe shinge da la'asar. Ranar da cunkoso ya riƙe ka, soja zai ja ƙarfe a gabanka: kai a cikin gari, Kaltum da yaro a waje, waya kuma babu sabis. Kada ka roƙe shi. Shiga cikin sauran masu manyan filaye da ke tsaye nan, ku kwatanta faɗin tsakar gida, kowa idonsa na kan hanya.

Gargaɗi

Ni shawara kawai na bayar. In ka isa da safe ka tarar Kaltum ta ɗaure kaya, idonta jawur, ta ce, "Baban Ajimi, ɗaki ɗaya ya ishe mu, in dai za ka kwana a ciki," kada ka neme ni. Wannan ban san amsarta ba.