Kobo Mai Huji da Akwatin Ammi Salihu

Ranar sallah Ammi Salihu, mai shago a unguwarmu ta Mansur a Makka, ya kafa akwatin da ake jefa wa kirshi, ƙaramin kuɗin ƙarfe na Makka, a leƙa hotunan jiragen ruwa. Ni, uban 'yan dabara, na tara abokai na ce, "Yau kyauta za mu kalla!" Na ɗaura wa kobo mai huji, tsarabar wani alhajin Kano, zare, na ƙulle a tazugena don in janyo abina.

Na jefa, akwati ya riƙe gam. Na yi baya da ƙarfi, tazuge ya zare, wando ya gaida ƙasa.

"Ya walad, kai yaro," in ji Ammi, "kifi kake kamawa?"

Har yau gaisuwata a unguwa ita ce, "Sarkin ruwan Makka, ya kamun yau?"