Yadda Ake Amsa Kiran Kwastoma Daga Kan Dutse Madam Ba Ta Sani Ba

Kai da ka yi shekaru a cikin ɗan akurkin katako, iyafis a kunne, kana ba mutane haƙuri a kan firijin da ba kai ka ƙera ba, alhali zuciyarka tana can kan duwatsun bayan gari, matso kusa. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan yadda na jera su, za ka hau dutsen da ranka yake so a ranar aiki, kuma aikinka yana nan daram. Ni na gwada da kaina, har yau ba a kore ni ba. Abu ɗaya za ka sa a ranka: akwai Madam, shugabar sashen kula da kwastomomi, wadda take sauraron duk kiran da aka naɗa. Ranar da ta gane inda kake, ranar za ka ajiye katin shiga ofis.

1. Samo izinin aiki daga gida

Kada ka roƙa. Mai roƙo ana zarginsa. Tari za ka fara, ɗan ƙarami mai ladabi, kullum yana ƙara girma. Ka tabbatar ya fi tashi in ka zo wucewa kusa da kofin shayin Madam. In ta ɗago kai, dafe ƙirji ka ce, "Ba komai Madam, sanyin esi ne, zan daure." Da bakinta za ta ce, "Don Allah tafi gida ka yi aikin daga can, kada ka shafa mana." Yi kamar ranka bai so ba.

2. Wuce mai ɗakinka

Wannan ya fi na farko wuya, domin ita ba a yi mata tari. Za ta tarar da kai kana ɗaura takalmin hawa, ga goran ruwa, ga fawabank, ga labulen falo ka naɗe a jaka.

"Maigida, aikin daga gida ne ko daga jeji? Kuma ina za ka kai min labule?"

Ka ce wanki za ka kai shi. Ba za ta yarda ba, amma ka dai faɗa. Tawa cewa ta yi, "In aka kore ka, sai ka tambayi dutsen ko yana ɗaukar ma'aikata." Kada ka tanka. Masana sun tabbatar ba a taɓa cin wannan gardamar da takalmi a ƙafa ba.

3. Zaɓi dutse mai sabis

Sabon shiga kyau yake dubawa, gwani kuwa sandunan sabis yake ƙirgawa. Ɗaga wayarka sama ka yi ta zagaye har ka samu inda suka cika. Galibi wurin ɗan tsukuku ne a gefen rami, kusa da gidan tururuwa. Nan ne ofishinka, ka girmama shi.

4. Mayar da haki ya zama tausayi

Kira ba ya shigowa sai kana tsakiyar hawa. Wani dattijo ya taɓa kirana a kan firijinsa da ya daina sanyi, ni kuwa numfashina kamar na wanda kare ya biyo.

"Ɗana, lafiya kake haki haka?"

"Baba, raina ne ya ɓaci da abin da firijin nan ya yi maka."

Sai da ya sa min albarka har da iyayena. In ka zo wurin da sai da hannu biyu, ka ce, "Baba, bari in duba a kwamfuta," ka kunna masa kiɗan jira, ka haye. Don haka aka ƙirƙiro kiɗan jira, duk wanda ya gaya maka wani dalili daban yaudararka yake yi.

5. Awaki

Akuya ba ta san ana naɗar kira ba, kuma ko ta sani ba ruwanta. Washegari Madam za ta bugo.

"Me nake ji a bayanka jiya?"

"Madam, maƙwabcina ne ya fara kiwo."

"Ba a bene kake zaune ba?"

"Shi ya sa muke rigima da shi."

6. Mitin ta bidiyo

Yanzu ka ga amfanin labule. Rataya shi a reshe, ka zauna gabansa, rigar ofis da kwala a sama, gajeren wando a ƙasa. Ka riƙa gyaɗa kai duk lokacin da Madam ta numfasa. In ƙadangare ya hau labulen, daskare. Kada ka ƙifta ido, kada ka haɗiyi yawu, har wani ya ce, "Sabis ɗinsa ya tsaya," sannan ka kashe kyamara. Matsalar dai ita ce ƙadangaren shi ba ya daskarewa, kuma ya fi kowa gyaɗa kai a mitin ɗin.

7. Kada ka kuskura ka yi fice

Buɗe kunnenka da kyau, domin nan gwanaye suke faɗuwa. A ofis, kwastoma yana ɗaga murya kai ma jininka yake hawa. A kan dutse ba haka ba ne. Wata hajiya ta kira tana zazzaga masifa, wai injin wanki ya cinye mata mayafi. Ina zaune ina kallon gari duka a ƙasa, motoci kamar ƙwari, na ji babu mai iya ɓata min rai a duniya. Na bar ta ta juye duk abin da ke cikinta, na lallashe ta, muka rabu tana dariya. Haka na yi wa na bayanta, da na bayansa. Kafin in ankara mutane sun fara kira suna cewa a haɗa su da yaron nan mai sanyin murya.

Sai Madam ta aiko in zo ofis. Na tafi ina ta shirya abin da zan gaya wa mai ɗakina. Na same ta da iyafis a wuya, fuskar nan babu fara'a.

"Zauna. Na saurari kiranka kaf."

"Madam, in dai maganar akuyar nan ce..."

"Wace akuya? An mayar da ni babban ofis, an ce in zaɓi wanda zai gaje ni. Kujerar nan taka ce."

Na ce ban cancanta ba, kuma ban taɓa faɗin gaskiya irin ta ranar ba. Ta ce tawali'un nan ne ma ya sa ta zaɓe ni. Na yi tari, ta miƙo min magani. Shugaban sashe ba ya aiki daga gida. Ɗakinsa na gilashi ne, babu taga, tun safe har magariba yana sauraron muryoyin wasu. A gida an yi ta guɗa, 'yan'uwa suna zuwa taya murna, ni kuwa wallahi kuka nake ji.

Saboda haka ka riƙa ɓata aikinka kaɗan-kaɗan. Yi wa kwastoma tsaki jefi-jefi. Manta da wani a kan layi. Ka tsaya a tsakiya, inda ba mai korarka kuma ba mai tunawa da kai.

Gargaɗi

Duk abin da ya biyo baya, ba ni ba shi. In ka zame, in zuma ta bi ka, in waya ta faɗa rami da kwastoma a cikinta yana magana, ban san ka ba. In an ƙara maka girma, kada ka zo min da ƙorafi, na faɗa maka.

In kuma Allah ya jefo ka sashena, to ni ne mai sauraron yanzu. Kwanan baya na kunna kiran wata sabuwar ma'aikaciya mai aiki daga gida, can bayan muryarta na ji iska tana kaɗawa, irin wadda ba a samu sai an kai ƙololuwa. Dokar kamfani ta ce in ba ta takardar gargaɗi. Na rufe ƙofa, na sake kunna kiran tun daga farko, na ƙara sauti. A hukumance dai ban ji komai ba, ba kuma zan ji ba. Roƙona ɗaya ne: in ka kai sama, ka gama da kwastoma, ka ɗan dakata kafin ka kashe kiran, ni ma in ji iskar.