Minti Goma Sha Ɗaya na Oma Edeltraud

"Sannu da aiki, angon allura!"

"Oma, a hankali! Cire takalmin nan."

Ni na kai kakarmu Edeltraud, wadda muke kira Oma, ɗakin binciken ƙanena Malte ranar Lahadi, da kek ɗin tuffa a hannunta. Sati uku ya yi kafin ya maƙala ƙwayar sinadari ɗaya tak a bakin allurar na'urarsa, wadda za ta shinshino maganaɗisun kan wani ɗan ƙarfe. Ƙarfe huɗu na'urar za ta koma hannun wasu, shi kuwa bai sami hoto ko ɗaya ba. Duk lokacin da ya fara, sai layin da ke allon na'urar ya yi tsalle, hoton ya lalace.

"Ina amaryar da ta hana ka cin abincina?" in ji Oma.

"Ido ba ya ganinta."

"To wallahi an cuce ka. Kakanka ko ba komai ya ga abin da ya aura."

"Shi ya sa ya kurumce da wuri."

"Ja'iri! Ni da na yi shekara talatin ina tuƙa jirgin ƙasan cikin gari, ban taɓa..."

Layin ya sake tsalle. Malte ya dafe kai. Gaskiya na tausaya masa.

Oma ta dubi agogonta. "Lamba Bakwai ke nan."

"Me?"

"Jirgi, likitan ƙura! Ya sha kwanar bayan gininku, shi ya sa layinka tsalle. Bayan minti huɗu Lamba Biyu zai zo."

"Tsohuwa, na'urar nan a kan iska take zaune, girgiza ba ta kai mata."

"Kai ma haka kanka yake."

Minti huɗu cif, layin ya yi tsalle. Malte ya miƙe tsaye.

"Oma! Yaushe ba sa wucewa?"

"Au, yanzu na zama Oma? Ba tsohuwa ba?"

"Sarauniyar direbobi! Yaushe?"

"Uku da minti tara, lokacin canjin direbobin Lahadi. Minti goma sha ɗaya. Ka ɓata su, in kai kek ɗina gidan maƙwabta."

Uku da minti tara ya saki allurar. Muka ƙura wa allon ido. Layi bayan layi, ɗigo masu haske da masu duhu suka jeru tsaf a allon.

"Ga shi! Oma, ga shi!" Ya rungume ta, idonsa jawur. "Na sallama. Sunanki zai shiga takardar binciken."

"Saboda jirgi?"

"A'a. Yau na ga abu biyu da ba a taɓa gani ba. Na biyun, kin yi shiru minti goma sha ɗaya."

Ta fashe da dariya, ta yanka masa babban rabo na kek ɗin.