Ragon Bankwanata

Shekara tara ina darakta a wata lakwal, makarantar boko ta ƙauye, kusa da Maijirgi, kuma ban taɓa yarda da abin da ban auna ba. Fada-fadan coci da suka koyar da ni sun ce ko shara tana da ma'auni. Saboda haka na ƙudurta auna yadda malamaina shida suke riƙe da aiki da shugabansu.

Ran Litinin na tara su, na ce an maida ni lakwal ɗin garin Urafane. Ƙarya ce. Na tanadi takarda domin rubuta wanda zai fara roƙona in zauna, har na ja layin masu hawaye da rula.

Babu wanda ya roƙa. Mushe Isufu, wato Malam Isufu, mataimakina, ya ce, "Allah ya sa haka ya fi alheri, Darakta." Kafin Laraba sun sayi rago. Ran Alhamis mai gari ya aiko amalanke biyu na kwasar kaya, Madam Hadiza kuma ta koya wa yara waƙar bankwana mai daɗin gaske.

A wajen walimar bankwana, da tsokar ragon a hannuna, na miƙe na faɗi gaskiya. Isufu ya ce, "To, ragon dai ya riga ya tafi Urafane."

Na ƙara shekara huɗu a can, kowace safiya ana gaishe ni da "Darakta, ba a tafi ba?"

Yanzu na aje aiki, ina zaune a Mayahi, gidan shiru. Ran kasuwa nakan fitar da kujera ƙofar gida tun da hantsi, ko Isufu zai biyo a babur ya rage gudu ya tambaye ni ko ba a tafi ba.