Talle da Likitar Bayan Tanki

Jiya da hantsi na iske maƙwabcina Talle mahauci tsugune a bayan tankin ruwan gidanmu a Agege, waya a kunne. Tun da ɗan farinsa ya rasu bara ba ya barci, ranar nan saura ƙiris ya datse yatsa a mayanka. Ka tambaye shi, sai ya ce lafiya lau.

Badiyya, ɗiyar ƙanwata, ita ta haɗa abin. Tana karatun ba masu damuwa shawara, kuma manyanmu, Allah ya ƙara musu laushin kujera, sun ce yanzu ta waya za a riƙa yi. An yi bikin buɗewa a otal, Mai Girma Sarkin Yanka Ƙyalle ya yi jawabi, an ci kaji. Ɗalibai kuwa aka ce kowa ya sayi datarsa, ya gaya wa mai damuwa ya nemi ɗaki shiru, shi kaɗai. Ranka ya daɗe, a gidan da ko bayi sai an bi layi?

Talle ya ce ba zai buɗe cikinsa ga yarinyar da ya saba ɗauka a kafaɗa ba, sai Badiyya ta haɗa shi ta waya da abokiyar karatunta da ke unguwar Isolo.

Daga nesa na ga bakinsa yana motsi, kafaɗunsa suna rawa. Tausayi ya kama ni, na kori yara daga wurin. Can ya taso yana share ido da hula.

"Malam, yarinyar nan ta iya aiki. Ko sau ɗaya ba ta katse ni ba. Har sunan yaron na faɗa mata, ni da ban taɓa kiransa da sunansa ba yana raye."

Ya wuce wurin mai koko, sai ga Badiyya afujajan. "Kawu, netwok fa ya ɗauke tun suna gaisawa. Tana ta kira ba ya shiga. In gaya masa?"

Na dubi Talle. Mutumin da na manta rabon da in ga ya ci abin kirki, yana cewa a ƙaro ƙosai.

Na ce, "Bar shi ya ƙoshi. Gobe ta sake kira, ku ce zama na biyu ne."

Don Allah, masu karatu, kada labarin nan ya kai sama. Suna ji za su sallami ɗaliban, su ba wani suruki kwangilar raba mana wayoyi marasa layi.